"Daji ba ya son ƙarfe": maganar da ta cinye min rabin ganɗa

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ka sam min fili a shafin wasiƙu. Na san ta yi tsawo. In almakashi ya zama dole, ka rage surutun tsufa, amma don Allah ka bar min inda na yi maganar ƙarfe, wato faɗar da ake yi cewa ciwon daji ba ya son wuƙar likita, don saboda ita na ɗauki biro.

Ni tsohon malamin Hausa ne. Shekara 31 na yi ina shaƙar ƙurar alli a makarantun sakandare a nan Jos kafin in ajiye aiki. Duk wanda ya zauna ajina zai tuna zanen da nake yi a allo ranar darasin furuci: kan mutum a gicciye, ga leɓɓa, ga haƙora, ga hanƙa a bayansu, sai ganɗa, wato rufin bakin nan mai tauri, sai hanɗa mai taushi can ciki, beli yana reto a ƙarshenta. In na gama sai in ce kowa ya sa harshensa ya shafa tasa ya ji. To ni mai cewa a shafa, harshena ya yi fiye da shekara biyu yana shafar wani ƙari a ganɗata kafin in kai shi gaban wanda ya san abin. Yau ɓangaren hagu na ganɗar nan babu shi, da haƙora huɗu na sama. Roba ce a wurin. Da dare in cire ta in wanke in jefa a kofin ruwa, da asuba in mayar kafin in iya yi wa iyali sallama su gane abin da na ce.

Ina sakace ne bayan cin tsire na fara jin sa, can baya ta hagu, kusa da turmin haƙori na ƙarshe. Bai fi ƙwayar wake ba. Sumul yake, fatar da ke kansa ba ta canza launi ba, kuma ko kaɗan ba ya ciwo. Wannan rashin ciwon shi ya yaudare ni. Mu dai a wurinmu abin da bai hana barci ba, bai hana tuwo ba, ba ciwo ba ne. Damina ta wuce, sanyin Jos ya zo ya tafi, ya zama kamar gyaɗa. Na je wurin mai kemis, ya leƙa da fitilar waya, ya ce ƙurjin haƙori ne, ya ba ni kafso na kwana biyar. Na sha har zagaye uku. Daga baya a wani ƙaramin wurin cire haƙori aka ce turmin ne ya ruɓe daga ƙasa, aka cire shi. Na karɓi haƙorin a hannuna na jujjuya, lafiyarsa ƙalau. Ƙarin kuwa yana nan inda yake, har ya ɗan ƙara faɗi.

A nan ina so in yi wa wani mutum adalci, don an saba ɗora wa masu sana'arsa laifi. Wanzamin unguwarmu, wanda shi ya yi wa 'ya'yana maza kaciya, na same shi bayan La'asar na ce ya yi min sakiya in huta. Ya wanke hannu, ya juyar da ni wajen haske, ya ce, "Malam, buɗe da kyau." Ya daɗe yana latsawa da ɗan yatsa. Sai ya zaro hannu ya ce, "Maruru in ya kwana bakwai ya nuna, ya yi baki. Wannan ba shi da baki, ba shi da ruwa, kuma ka ce ya shekara. Ni ba zan sa aska a nan ba. Ka tafi asibiti, babba, ba na lungu ba." Mutumin da bai taɓa zama aji ba ya faɗa min gaskiya kyauta, ya ƙi karɓar ko goro.

Wanda ya tare ni ɗan boko ne irina. A majalisarmu ta bayan Isha'i na ba da labari, sai wani aminina, mai digiri, ya riƙe min hannu ya ce, "Kul! Kada ka kuskura. In daji ne, daji ba ya son ƙarfe. Gwaggona lafiyarta lau take yawo da nata, ana yanka ta ba ta yi wata uku ba." Sauran suka ce haka ne, kowa da tasa gwaggon. Ni kuma abin da nake son ji ke nan, don tsoro ya riga ya shige ni. Wata takwas na ƙara ina fama da sassaƙe da jiƙe-jiƙe, da zuma da habbatus sauda. Addu'a kam ban daina ba kuma ba zan daina ba, amma ban ga inda aka ce mai addu'a ya ƙi zuwa wurin likita ba. Ni na ƙirƙira wa kaina wannan.

Jiki magayi. Ƙarin ya kai girman goro, ya fashe a tsakiya, buroshi ya riƙa fitowa da jini. Hancina na hagu ya toshe ba mura. Sannan wata safiya ina alwala na ji kuncina da leɓena na sama sun yi dindiris, kamar an yi min allurar kashe zafi. 'Yata da ke karatun aikin jinya ta zo hutu, ta haska bakina, ba ta ce min uffan ba, ta fita tsakar gida na ji tana yi wa uwarta kuka. Washegari ita ta tare Keke Napep.

Sashen likitocin fiɗar baki da muƙamuƙi da fuska aka tura mu. Likitan ya sa safar hannu ya duba, ya shafa wuyana gefe da gefe yana neman kaluluwa, ya taɓa kuncina da auduga yana tambaya ko na ji. Sai ya juya bayan wata takarda ya fara zane: kan mutum a gicciye, leɓɓa, haƙora, ganɗa. Kunya ta rufe ni, ban gaya masa sana'ata ba. Amma ya ƙara abin da nawa zanen bai taɓa ɗauka ba, ya cika rufin bakin da ɗige-ɗige.

Ga abin da na koya a ranar da kuma bayanta. Yawun bakin mutum, wanda kan kai lita 1 ko ya ɗara a yini, yana da maɓuɓɓugai. Manya guda 6 ne, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, ita ce ke kumbura in hangum ya kama yaro, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Ban da su akwai ƙanana, tsakanin 600 da 1,000, kowacce kamar ƙwayar gero ko dawa, a warwatse ƙarƙashin fatar baki: a leɓe, a kumatu, a harshe, har cikin hanci da maƙogwaro. Inda suka fi cunkushewa shi ne ƙarshen ganɗa, wajen da take haɗuwa da hanɗa, kuma nan ne ƙarinsu ya fi fitowa, ta gefe ɗaya. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne iya ƙanƙantar maɓuɓɓuga, iya haɗarin ƙarinta. A babbar nan ta gaban kunne, cikin ƙari 10 wajen 8 ba daji ba ne. A ƙananan kuwa kusan rabi daji ne. Kuma wannan iri ba kamar dajin bakin da ake dangantawa da taba da giya ba ne, yana kama wanda bai taɓa riƙe sigari ba. Ba a ɗaukarsa a kwano ko a kofi, wannan ma ya kamata a sani, don na ga yadda wasu suka riƙa janye kofinsu.

Ido ba ya raba mai sauƙin da mugun, ko idon likita ne. Sai an yanki ɗan guntun tsoka, bai kai ƙwayar masara ba, an kai ɗakin gwaji an duba a madubin likita. Aka kashe wurin da allura, aka yanka, aka yi ɗinki biyu, na koma gida a ranar. Ƙarfe ya taɓa daji ke nan, ban mutu ba. Bayan mako uku takarda ta fito da wani dogon suna, adinoyid sistik kasinoma. Na sa 'yata ta maimaita min har na haddace, kamar yadda nake sa yara su haddace karin waƙa. Akwai wasu ire-iren da ke fitowa a wurin, wasu sun fi shi sauƙi nesa ba kusa ba, wasu sun fi shi gaggawa. Shi halinsa daban ne: a hankali yake tafiya, amma jijiya yake bi. Duk wanda ya taɓa zama ɗakin soro ya san aikin gara. A waje ka ga ɗan tabo a bango, ita kuwa ta bi azara ta yi nisa a ciki. Akwai jijiyar ji da ke saukowa daga gindin ƙoƙon kai ta ɓullo ta wata 'yar kafa a bayan ganɗa, ita ya samu ya fara hawa. Dindiris ɗin da na ji a kunci ke nan. Aka yi min hoton siti-sikan don a ga iya ƙashin da ya ci, aka yi na em-ar-ai don a bi sawun jijiyar, aka ɗauki na ƙirji, don wannan iri ya fi son ya bi jini ya sauka a huhu a kan ya tsaya a kaluluwar wuya. Alhamdu lillahi huhu fes yake, wuya ma haka, shi ya sa ba a buɗe min wuya ba. Wasu ana haɗawa da shi a kwashe kaluluwar.

Na tambayi babban likitan, wanda zai yi aikin, ko akwai allura ko ƙwaya da za ta narkar da shi. Ya ce a'a. Ƙarin ruwan nan da ake yi wa masu wasu ire-iren kansa, wato ciwon daji, ba ya yi wa wannan wani abin kirki, sai dai in ya riga ya bazu a rage masa gudu. Maganinsa na farko wuƙa ce, kuma ba ƙarin kaɗai ake ɗaukewa ba, sai an haɗa da lafiyayyen nama kewaye da shi, wajen santimita 1 ko fiye, da ƙashin da ya taɓa. Da na ɓata rai sai ya ce, "Baba, ka taɓa ganin mai dankali a Farin Gada yana gyara wanda ya fara ruɓa? A kan ruɓar yake sa wuƙa ko a bayanta?" Na ce a bayanta. Ya ce to.

A nan zan tsaya, Malam Edita, don na daɗe ina juya maganar aminin nan nawa a kan gadon asibiti. Hausawa ba sa faɗin magana a banza, akwai abin da suka gani. Na farko, mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai abu ya ƙure. Gwaggon da aka yanka ta rasu a wata uku, wa ya ƙirga shekarun da ta yi tana ɓoye shi a zani? Ta isa ne bayan ciwon ya gama aikinsa, wuƙa ta zo ƙarshe, sai aka ɗora mata gawar. Na biyu, akwai rabin gaskiya a maganar. In wanda bai san aikin ba ya tsaga ƙarin, ko ya ƙwaƙulo tsakiyarsa kamar ana ɓare gyaɗa ya bar gefe, to ya watsa iri, ya ɓata wa likitan gaske iyakar da zai bi, abin kuma zai dawo da ƙarfinsa. Ko ƙarin da ba daji ba ne, a wannan wuri in aka ƙwaƙule shi haka yakan dawo. Wanzaminmu wannan ya gane ya ƙi sa aska. Da ma cewa aka yi daji ba ya son rabin aiki, da an faɗi daidai. Amma yadda ake faɗin ta a majalisa, tana hana mutum abu ɗaya tilo da zai iya raba shi da ciwon.

Kuma jiran da mutum ke yi, da namansa yake biya. Likitoci suna lura da santimita 2 da santimita 4 wajen auna matakin ciwon, da kuma ko ya huda ƙashi. A ɗakin da aka kwantar da ni akwai wani matashi mai gyaran babur, nasa likitan haƙori ne ya gano shi bai kai santimita 2 ba, kuma mai sauƙin hali ne. An ɗauke shi da fatar da ke kan ƙashi, aka bar masa ƙashinsa, aka sa masa 'yar roba ta tsare wurin har nama ya tsiro. Kwanansa huɗu ya tafi gida, ba gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, ba rami. Lokacin da na ji nawa ina sakace, ƙarami ne a kan nasa.

Kwana kaɗan kafin aikin aka kai ni wurin masu haɗa haƙoran roba. Suka cika wani ɗan faranti da ƙullu mai sanyi suka danna min a rufin baki har ya daskare, suka zare. Da wannan suka ƙera murfin da za a sa min tun ina cikin barcin tiyata. Ban ɗauki wannan zama da muhimmanci ba a lokacin, ashe rabin rayuwata ta gaba aka auna. Akwai wata hanyar, a ɗebo nama daga gefen kai ko daga hannu a dasa a toshe ramin gaba ɗaya. Ni murfi aka zaɓa min, ɗaya daga cikin dalilan shi ne in an cire shi likita yana ganin wurin tar, in wani abu ya sake tsirowa ba zai ɓuya ba.

Da safe aka shiga da ni, sai bayan Azahar na farka. Tiyo a hanci har ciki, ta nan ake ɗura min kunu da madara da sirinji. Fuska ta kumbura, baki cike da ƙyalle da roba. Zafi akwai, amma ba irin wanda na zata ba, allura tana kwantar da shi. Ranar da ba zan manta ba ita ce ta goma, da aka cire murfin farko za a gyara. Na roƙi madubi. Na ga rami a rufin bakina, ja wur, ana hango cikin hanci ta nan. Nas ta miƙo min ruwa ta ce in kurkure a hankali, sai ga shi yana zubowa ta hanci a kan rigata. Babban wana yana zaune a gefen gado, wanda muke kira Baba tun rasuwar mahaifinmu. Na buɗe baki in ce "Baba," sai na ji na ce "Mama." Na sake, haka. Shi ya yi dariya don ya ƙarfafa min gwiwa, ni kuwa malamin furuci na san sarai abin da ya faru. Sautin "ba" da na "ma" wuri ɗaya ake furta su, a leɓe, bambancinsu kawai ta ina iska ta fita. "Da" da "na" su ma haka. Muddin iska na da ƙofa zuwa hanci, duk tsayau, wato baƙin da ake tare iska kafin a furta shi, ya zama ɗan hanci, "tsa" kuwa mai buƙatar a matse iska a tunkuɗo ta sai ta fito a sake kamar tayar da ta sace. Shekara 31 ina faɗin wannan da baki, ranar na gane shi. Da aka mayar da murfin na ce "Baba" ta fita daidai, sai a lokacin hawaye ya zo min.

Naman da aka cire shi ma sai da ya je ɗakin gwaji, aka duba gefe-gefensa. Sakamako ya nuna an kewaye ƙarin, amma ya kama jijiya, don haka sai an bi da gashi. Aka ce kada a wuce kamar mako 6 daga ranar tiyata ba a fara ba. A nan na san bambancin ciwo da talauci. Inda muka fara nema layi ya yi tsawo, sai da muka bi ta wata hanya muka samu a Abuja, bayan na sayar da filin da na ajiye wa yara. Kafin nan aka sake duba sauran haƙorana, aka cire wani guda mai rauni, don ƙashin da aka gasa ba ya son a zo ana cire masa haƙori daga baya, ramin yakan ƙi warkewa.

Muka sauka ta Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, na sauka gidan ɗan ƙanwata a Mararaba. Wanda ya san cunkoson Nyanya da safe ya san abin da nake nufi in na ce sau 30 na ratsa shi, Litinin zuwa Juma'a, mako 6. An ƙera min wata raga ta roba daidai fuskata, in na kwanta sai a ɗaure ta a gadon don kada kai ya motsa. Na'urar ta zagaya tana ƙugi na 'yan mintoci, ba ka jin komai, har ka ce wasa ake. Daga mako na uku baki ya sale. Barkono ya zama wuta, gishiri ya ɓace, shayi da ruwan wanki duk ɗaya. Kunun gyaɗa mai sanyi da ƙwai da gwaten acca da aka dama ruwa-ruwa su suka riƙe ni. Ɗanɗano ya dawo a hankali bayan watanni. Yawu kuwa bai dawo duka ba, shi ya sa in ka gan ni a Bauchi Road da gorar ruwa a aljihun babbar riga, ba gayu ba ne. Muƙamuƙi ma yakan so ya ƙage, sai aka koya min in riƙa jera 'yan katakon nan da likita ke danne harshe da su, ina cusawa tsakanin haƙora, ina ƙara ɗaya-ɗaya. Jikokina sun mayar da shi wasa, su ke ƙirga min.

Murfin ma ba sau ɗaya ake yin sa a gama ba. Rami yana tsukewa yana canza siffa, sai an yi na wucin gadi, ana ragewa ana ƙarawa, sai bayan watanni a yi na dindindin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: da na ji shayi ya fara leƙowa ta hanci na san lokacin gyara ya yi. A layin gyaran nan na haɗu da wata baiwar Allah daga wajen Mangu, an yi mata aiki irin nawa, kuɗi suka ƙare a tiyata, ba ta samu murfi na biyu ba. Auduga take cusawa a ramin in za ta ci abinci, ta rufe baki da mayafi, ta daina zuwa biki da suna, ta daina zuwa kasuwar da take sayar da tumatir don ba a gane farashin da take faɗa. An cire mata daji, ba a mayar mata da bakinta ba. Ina roƙon asibitocinmu da masu inshorar lafiya su lissafa murfin nan a cikin kuɗin aikin tun farko, kada a ɗauke shi kayan ado. Masu hannu da shuni da ke neman inda za su sa zakka ko sadaka, ga wuri, kuɗinsa bai kama ƙafar na tiyata ba.

Asusun da gwamnatin tarayya ta kafa don tallafa wa masu kansa marasa ƙarfi an fara shi ne da iri uku: ta mama, ta bakin mahaifa, da ta furostet da ke kama maza. Ban ga laifin farawa da su ba, su suka fi yawa. Amma ina fata a faɗaɗa a tuna da na kai da wuya. A 2024 an sanar da manyan cibiyoyin kansa guda 6, a asibitocin koyarwa na Zariya, Katsina, Benin, Inugu, Legas da namu na Jos da ke Lamingo, a 2025 kuma aka buɗe na Katsina da Inugu da Benin. Duk ranar da ta Jos ta tsaya da ƙafafunta, mutumin Filato da na kudancin Bauchi da na Kaduna ta kudu zai yi gashinsa ya kwana a ɗakinsa.

Ku ma 'yan jarida da hakkinku. Kowace 4 ga Fabrairu kuna cika shafi da maganar kansa, madalla, amma baki ba ya shiga ciki. Ga 20 ga Maris ranar lafiyar baki ta duniya, ga 27 ga Yuli ranar kansar kai da wuya. Ku gayyato likitan fiɗar baki ya yi bayani da Hausar da mai kemis da wanzami da ungozoma za su ji, don wurinsu ake fara zuwa. Ba ina so in tayar wa mutane hankali ba ne. Akwai tudun ƙashi da wasu ke da shi daidai tsakiyar ganɗa, mai tauri kamar dutse, ya shekara da shekaru bai canza ba, wannan halitta ce. Akwai 'yar bororon yawu da ke fitowa a leɓen ƙasa in mutum ya ciji kansa, ita ma yawanci ba komai. Wanda nake magana a kai shi ne na gefe ɗaya, mai tauri kamar roba, mai ƙaruwa a hankali, ko gyambon da ya haura mako biyu zuwa uku bai warke ba, ko haƙorin sama da ya fara girgiɗi ba dalili, ko haƙoran robar tsoho da suka daina zama, ko wani sashe na fuska ya mutu. Mai kemis in ya ba da kafso zagaye ɗaya abin bai motsa ba, kada ya ba da na biyu. Mai cire haƙori in ya ga kumburi a ganɗa haƙorin kuma lafiyarsa lau, ya ajiye filaya.

Ni dai ba a sallame ni ba, kuma an gaya min ba za a sallame ni ba. Irin nawa yakan yi shiru shekara 10, har 15, sannan ya leƙo, ko a inda yake ko a huhu, don haka zuwa asibiti ya zama min kamar biyan kuɗin wuta. Aminin nan nawa har yau muna majalisa ɗaya, shi ya fi kowa zirga-zirga lokacin da nake kwance, ban riƙe shi da komai ba. Sai dai in wani ya ɗauko maganar ƙarfe yanzu, ba na musu. Hannu nake sa wa a baki in zaro murfin in ajiye a kan tabarma, in ce ya tambaye ni sunana.

Da can in liman ya yi tafiya ni ake turawa gaba a masallacin layinmu. Bayan aikin na daina, don Ƙulhuwallahu duk ayoyinta da dal suke ƙarewa, ni kuwa dal ɗina nun take komawa, ba zan ja mutane da ƙalƙalar da ke fita ta hanci ba. Makon jiya liman da na'ibinsa suka tafi ta'aziyya Bukuru, Magariba ta yi, ladan ya waiwayo ya ce, "Malam, bisimilla." Na danna murfin da babban yatsa na tabbatar ya zauna, na kurɓi ruwa, na shiga. Ita na karanta a raka'a ta biyu. Da aka sallame ba wanda ya ce min komai, kowa ya ɗauki takalminsa.

Ranar Talata mai zuwa zan koma hoton ƙirji.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin Hausa,
Anguwan Rogo, Jos.